Azumin kwana arba'in: in bi na Kaka ko na yanzu?

Tambaya: Malam Katikis, barka da aiki. Ni 'yar Katolika ce daga Zuru, shekarata 34, ina sana'ar hatsi a kasuwa. Kakata kullum cewa take azumin da muke yi yanzu wasan yara ne, su a da kwana arba'in suke yi cur. Maƙwabtana Musulmi kuma suna mamakin wai muna azumi muna shan ruwa. Bana ina so in yi irin na da. Ta ina zan fara shiri? Ina da gyambon ciki, amma ba kullum yake tashi ba.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da himma, a gaishe mini da Kaka. Gaskiya ta faɗa miki. A dokar Ikkilisiya ta 1917, duk wanda ya cika shekara 21 har ya shiga shekara ta 60 yana azumi kowace rana ta wannan lokaci na azumi kafin Ista ban da Lahadi, kuma ba a cin nama ranakun Juma'a da Asabar. Fafaroma Paul na shida ne ya sassauta a 1966. Abin da ya zama dole yanzu, bisa dokar 1983, shi ne azumin kwana biyu, Larabar Toka (ranar farko ta lokacin azumi) da Babbar Juma'a (Juma'ar da ke gab da Ista), ga wanda ya cika 18 har ya shiga shekara ta 60. Barin nama kuwa ya hau kan duk wanda ya kai 14, a Larabar Toka da kowace Juma'a har zuwa Ista. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Ba wanda ya hana ki ƙarawa, Ikkilisiya ma tana murna da mai ƙarawa.

Sai dai ki san yadda namu yake, don kada ki ari tsarin wani ki ce na Kaka ne. Azumin Katolika cin abinci ne na ƙoshi sau ɗaya a yini, da ɗan abin taɓawa sau biyu, wanda in aka haɗa su ba za su kai cin ƙoshi ɗaya ba. Kofin koko da safe, tuwo da dare, ɗan abin riƙe ciki da rana, ba ciye-ciye a tsakani. Ruwa bai karya shi, ko a zamanin Kaka. In ta tuna ana hana su ruwa, wataƙila azumin karɓar Jibin Ubangiji take nufi, wanda a da ake farawa tun tsakar dare. Wancan daban ne, yanzu awa ɗaya ne, kuma ruwa da magani ba sa ciki. A 2025 da 2026 azuminmu ya haɗu da watan Ramadan, shi ya sa kwatancen ya yi yawa a kasuwa. Ki amsa wa maƙwabta da fara'a: kowa da ƙa'idar da aka ɗora masa.

Maganar gyambon nan ce ta fi damuna. Wannan lokaci yakan faro ne tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris, ya ƙare cikin zafin bazara, kin kuma san ranar ƙasar Zuru a watan Afrilu, ga ki tsaye kan buhuna tun safe. Dokar azumi ba ta hau kan marar lafiya ba, haka mai ciki da mai shayarwa. Kafin Larabar Toka ki ga likita, sannan ki zauna da Fada, wato firist ɗin cocinku, ki faɗa masa niyyarki. In sun ce ki ci, ki ci, kada zuciyarki ta zarge ki. Biyayya irin wannan ta fi wa mutane da yawa wuya fiye da yunwa.

Magabatanmu ba sa faɗawa azumi kwatsam. Tsohuwar kalandar Ikkilisiya, kafin gyaran 1969, ta ware Lahadi uku na share fage kafin Larabar Toka. Ki ɗauki wannan dabara. Tun yanzu ki fara rage abin da kike son bari, ki kai busasshen ganyen dabinon da aka raba a Lahadin Dabino ta bara coci, domin shi ake ƙonawa a sami tokar da za a shafa miki a goshi. Ki je ki furta zunubanki a gaban Fada tun farkon lokacin, kada ki jira cunkoson Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista.

Bisharar da ake karantawa ranar toka, Matiyu sura 6, abu uku ta haɗa: sadaka, addu'a, azumi, kuma dukansu a ɓoye. A nan nake ganin muna sakaci. A gidaje da yawa namu nama sai ranar kasuwa ko ranar biki, to barinsa ranar Juma'a wace sadaukarwa ce? Wani ma sai ya sayi babban kifin Yawuri da ya fi naman tsada, ya ce ya kiyaye doka. Ke mai hatsi ce, abin yi yana hannunki. Duk abin da kika rage daga tukunya, ki auna shi a mudu ki ajiye gefe, ranar Asabar ki kai wa gwauruwa ko iyalin da rashin tsaro ya raba da gonarsu. Ki duba mudun awonki ma, da bashin da kike bin wanda kin san ba shi da halin biya, da wadda kuka daina gaisawa a Zumuntar Mata. Annabi Ishaya, a sura 58, irin wannan azumin ya ce Allah yake so.

Addu'a kuwa, ki zaɓi abin da za ki iya riƙewa har ƙarshe: Hanyar Gicciye mai matsayi 14 kowace Juma'a, da Rosari da dare tare da yara.

Shawarata a kan na Kaka: in likita ya yarda, ki fara da Laraba da Juma'a a makonni biyu na farko. In ciki ya yi shiru, ki ƙara kwanaki. In ya motsa, ki koma kan kwana biyun dole, ko ki bar su ma in Fada ya ce haka, mudun sadaka kuma ya ci gaba. Ranar Lahadi ba a azumi, ki dafa abinci mai kyau ki kai wa Kaka, ki tambaye ta waƙoƙin da suke yi a Hanyar Gicciye a zamaninsu.