An ce naman mamana a cunkushe yake, sankara ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 43, ina zaune a Jekadafari, Gombe. Na yi hoton mama da ake kira mamogiram, aka ce ba a ga ƙari ba, amma wai naman a cunkushe yake, sai na ƙara da sikanin. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Somin-taɓin sankara ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki, cunkoso ba ciwo ba ne, halitta ce. A Amurka, inda ake yawan wannan hoton, kusan rabin matan da suka kai 40 haka sakamakonsu yake fitowa.

Abu uku ne a cikin mama: kitse, da 'yan jakunkunan da ke haɗa nono tare da hanyoyinsa, sai wata saƙa da ta riƙe su. Kin ga yadda magini yake zuba ciyawa a kwaɓin ƙasa don katanga ta tsaya? Haka zaren kolajin da laminin, wato sinadaran da ke cikin saƙar nan, suke wa ƙwayoyin halittar mama. Idan saƙar da jakunkunan suka rinjayi kitse, shi ne cunkoso. Ba a gane shi da taɓawa, sai a hoto.

Da can likitoci sun ɗauki saƙar nan a matsayin madogara kawai. Mina Bissell, wata masaniya 'yar asalin Iran da ke bincike a Bakli ta jihar Kalifoniya, ta fito a 1982 ta ce a'a, saƙar da ƙwayoyin zance suke yi, kowa na juya ɗan'uwansa. Ba kowa ya yarda ba a lokacin. Amma an ga cewa ƙwayoyin mama da aka shimfiɗa a kan roba sukan manta aikinsu, su daina yin sinadaran nono. Da an mayar da su cikin saƙa mai laminin sai su dunƙule su koma aiki. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gwajin 1997: ita da abokan aikinta suka toshe wata kafa da ƙwayoyin sankara ke sauraron saƙar da ita, sai ƙwayoyin suka lafa, suka jeru kamar masu lafiya, alhali lahanin da ke cikinsu yana nan. A ɗakin gwaji aka yi wannan fa, kada wani mai tallar magani a tasha ya ce miki ya samo sirrin.

To me ya sa aka ce ki ƙara sikanin? A mamogiram kitse baƙi-baƙi yake fitowa, saƙa fara, ƙari ma fari. Neman ƙaramin ƙari a nan kamar neman farin zare ne a tulin auduga. Na biyu, cunkoso yana ɗan ƙara haɗarin sankara, ko da yake yawancin masu shi ba sa kamuwa, kuma yakan ragu bayan ɗaukewar al'ada.

Ki je ki yi sikanin, ki tafi da tsohon hoton. Ki gaya wa likita idan mahaifiyarki ko 'yar'uwarki ta taɓa yin sankarar mama. In kuwa kika ji ƙullutu, ko kan maman ya shige ciki, ko ya fitar da jini, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.