Kar ka murza makulli tukuna

Yaro, na ga saƙonka. Ka ce an jawo wata Corolla garaji daga hanyar Mirriah bayan na fita, wai tana cikin tafiya ta yi ƙara sosai ta mutu, kana tambaya ko ka sa mata wani batir da sababbin buji (fulogi) ka gwada tada ta. A'a. Aje makullin a aljihunka har in dawo.

Abin da ban gani ba a saƙon naka shi ne wace irin ƙara. Direban yana nan ai, je ka zaunar da shi, ka saya mashi shayi in ya kama, ka tambaye shi a hankali don da farko duk ƙarya suke yi, kowa cewa yake "haka kawai ta mutu". Tambaye shi ko jar fitilar nan ta baƙin mai, mai kama da buta, ta kama kafin ƙarar, da kilomita nawa ya ƙara yi bayan ya gan ta, da yaushe rabon a yi mata bidanj, wato canjin baƙin mai.

Motar da ta mutu shiru babu ƙara, wannan da sauƙi, ko esans ne bai zuwa, pompo ko filta ya toshe, musamman masu shan ruwa-ruwa na kwalba a bakin titi, ko kuma wuta ce ta yanke. Kukan ciii daga gaba kurwa ce, wato bel, ta saki. Tik tik tik siriri daga sama, wajen supap ne, bawul ɗin kan inji, mota na iya kai ka gida da shi. Amma in ya ce maka ƙwanƙwasa ce mai nauyi daga ƙasa, kamar ana daka a turmi, in ya taka tana ƙaruwa, to wannan kusine ne, ɗan ƙarfen shimfiɗa da ke tsakanin biyel da bilbirkan. Baƙin mai ya daina isa tsakanin biyel (sandar fistan) da bilbirkan (babban ƙarfen ƙasa da take juyawa), ƙarfe ya hau ƙarfe ya yi zafi ya ci kansa, ƙarshe inji ya kame. Irin wannan in ka tilasta shi da demare, wato ka murza makulli, sai biyel ta karye ta huda bulok, wato jikin inji, ta fito waje, aikin jika talatin ya koma sayen inji sukutum.

Ba labari na ji ba. Ina ɗan shekara 16 a garajin maigidana a Zango aka kawo wata 504, shi yana masallaci, ni kuma ina son in nuna na iya, muka tura ta da yara ta kama, ba ta yi minti ɗaya ba sai gwaram, mai ya malale ƙasa, rami a gefen inji hannuna na shiga. Bai dake ni ba wallahi, da ma dukan ya yi da ya fi min sauƙi, wata biyu ina wanke kaya da gazuwal ban taɓa inji ba.

To ga aikinka yanzu. Zaro joj, sandar awon mai, ka goge ka mayar ka sake zarowa. In babu mai ka riga ka samu rabin amsa. In akwai, dubi launinsa, in ya koma kamar shayi da madara ruwa ya shiga, juwan kilas, gasket ɗin kan inji, ya ƙone ke nan, a zafin nan namu na Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40 radiyato mai yoyo ba ya yafe wa kowa. In inji ya huce duba ruwan shi ma, kar ka buɗe da zafi. Sai ka cire buji duka, ka sa giya a fuwamor, wato ba ta cikin kowace giya, ka sa kile (sifana) a goron puli na ƙasa ka juya da hannu. In inji ya juya zagaye biyu sumul, alhamdulillahi, sai mu duba kurwar distiribisiyo, wadda ke daidaita motsin supap, in tsohuwar Corolla ce mai kurwa, don ita ma in ta tsinke mota take mutuwa nan take, kuma mutanenmu sai su wuce kilomita 100,000 ba su canza ba. In ya ƙi motsi ko ya cije a wuri ɗaya, kar ka ƙara wa kilen bututu ka yi ƙarfi.

Daga nan ka samo kwano mai tsabta, ba wannan da kuke zuba kusoshi ba, ka kwance goron karta, tukunyar mai ta ƙasan inji, ka tari man, ka fita da shi rana ka karkata. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, kusinen ne ya narke a ciki. Ajiye min shi haka, ina so mai motar ya gani da idonsa kafin mu yi maganar kuɗi, don shi zai fara cewa makanike ne ke son cin sa.

Ka leƙa filtar iska ma, da ƙurar Damagaram na tabbata ba a taɓa kaɗe ta ba. Ina tafe bayan la'asar, kuma ka ce wa ƙaramin nan ya daina zama a kan kapo.