Auna ƙarfin mai ciwon huhu

Malama, kin tambaya yadda za a gane ko motsa jiki na amfanar Baba, tunda tarin fuka ya raunana masa huhu. Ma'aikacin lafiya zai yi masa gwajin tafiyar minti 6, wato a auna nisan da zai iya takawa a cikin wannan lokaci. A shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon mita 30, ya yi ta kai da komowa. In ya gaji ya tsaya, amma agogo na tafiya. Iskar oksijin da ke cikin jininsa in ta sauka ƙasa da kashi 80, ko ƙirji ya yi zafi, a dakata nan take. A gwada sau biyu, domin na farko bai saba ba. In an sake gwajin bayan makonni, ƙarin mita 30 a kan nisan da ya taka a baya ci gaba ne na gaske. Da zafin Damagaram, ku je da sassafe, kuma ban da ranar hazo.