PageMaker ya ƙi hawa sabuwar kwamfuta: in bari a yi mata fomatin?

TAMBAYA: Malam, ina da shagon buga takardu a Samaru. Duk aikina na katin biki da kalandar Islamiyyu yana cikin PageMaker 7, manhajar tsara takardu. Tsohuwar kwamfutata ta mutu, na sayi laftof mai Windows 11, sai manhajar ta ƙi hawa, alhali an ce an yi ta don Windows da Mac duka. Mai gyara ya ce a goge komai a sa Windows 7, a kashe antibayros. Ga lokacin bukukuwa ya ƙarato.

AMSA: Kwantar da hankalinka, Malam. Kafin kowa ya taɓa komai, kwafe fayilolin a filashi biyu.

Wannan manhaja ta 2001 ce, kuma iri biyu aka yi ta, kowane da gidansa. Na Mac ya daɗe da mutuwa. Tun 2019 ma Apple ta rufe ƙofa ga duk manhajar 32-bit, wato masu tsohon tsari irin na PageMaker. Na Windows ne ke da sauran numfashi, domin Windows 11 tana karɓar 32-bit har yanzu. Danna dama a kan fayil ɗin sakawa, shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi Windows XP. In ya ƙi, sauke VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin taka, kyauta ce, ka girka XP a cikinta, ka cire mata intanet gaba ɗaya. Can za ka yi aikinka, ka fitar da shi PDF, ka buga daga Windows 11.

Sai maganar mai gyaranka, wadda na gaji da ji daga Sabon Gari har Tudun Wada. Komai ya samu kwamfuta, magani ɗaya ne wurinsu: fomatin. Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun Janairun 2020, ta XP kuwa tun Afrilun 2014. Sabbin laftof ma ba su da direbobin Windows 7, wato manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki, sai ka ga Wi-Fi ya ɗauke, ramin USB ya daina ji. Faifan da zai saka maka kuwa, wa ya san hannu nawa ya bi, me aka cusa a ciki? Shi ya sa yake cewa a kashe antibayros, don kar ta yi ihu. Gudun gara ke nan a faɗa wa zago. WannaCry, bayros ɗin da ta durƙusar da asibitocin Ingila a 2017, irin kwamfutocin da ba a toshe ɓarakarsu ba ta bi.

Kuma shagonka ba ɗakinka ba ne. Ɗaliban ABU na kawo filashi ɗauke da furojet ɗin shekara guda, wani ya shiga imel ɗinsa a wurinka, kai ma kana duba asusun banki a nan. Amanar mutane ce a hannunka, ba ta mai gyara ba, shi ya karɓi kuɗinsa ya wuce. In ya nace sai fomatin, karɓi laftof ɗinka ka nemi wanda ya iya VirtualBox.