Me yasa saurayi na biyu baya samun yarinyar a diramar Koriya?

'Yar uwa kin tambaya me yasa kullum mai kirkin ne ake bari da cizon yatsa, wallahi nima abin na min ciwo. Amma ki lura, yawancin diramarsu kashi 16 ne, kowanne wajen awa ɗaya, to dole marubuciyar ta samu wanda zai canza a hanya. Shi na biyun tun farko ya gama haɗuwa, shi ke riƙe mata lema in ana ruwa, shi ke lallashinta in tana kuka, to me kuma zai koya? Shi kuwa jarumin, ɗan masu kamfani mai girman kai, yana da tabon ƙuruciya da uwa mai tsanar talaka, sai an ja shi har kusan kashi na 8 kafin ya sauko.