Zane-zane a Kan Farce: Wanne Ne Abin Damuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 47, kuma sayar da abinci ce sana'ata. Faratan hannuna sun yi layi-layi a tsaye, daga tushe har baki, kamar kunyoyin gona, bakinsu kuma yana yawan tsagewa. Wata ƙawata ta ce ƙarancin kalsiyam ne, na sayi ƙwayoyinsa na sha, ban ga canji ba. Mai yankan farce yakan kankare mini su har su yi sumul, amma ba a jimawa sai zanen ya dawo. Sannan ɗana mai shekara 9, wanda ya yi jinyar taifot wata biyu da suka wuce, na ga wani kwari ya gitta a kan dukkan faratansa. Shin abin da ke damuna ne ya ɗauka? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Ki kwantar da hankalinki, bai ɗauki komai daga gare ki ba, domin abin da ke kan faratanki daban ne da wanda ke kan nasa, kuma babu mai yaɗuwa a cikinsu. Abin da likita ke fara dubawa shi ne inda zanen ya fuskanta, a tsaye yake ko a kwance, saboda kowanne da dalilinsa.

Farcen da muke gani ba shi da rai, shi ya sa ake yanke shi ba a jin zafi. Inda ake ƙera shi wata saiwa ce da ke ɓoye ƙarƙashin fatar gindin farce, wadda ke tura sabon farce gaba a hankali, kimanin milimita 3 a wata. Mace mai ƙunshi ta san wannan da idonta, don tana ganin jan lalle yana matsawa baki yayin da farin farce ke fitowa daga tushe. Farcen hannu yakan ɗauki kusan wata 6 kafin ya sabunta gaba ɗaya, na ƙafa kuwa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Duk wani zane da ya bayyana a sama daga saiwar nan ya taso, don haka kankarar da ake yi miki ba za ta taɓa kai wa ga tushen matsalar ba.

Zanen tsaye irin naki shi ne aka fi gani, kuma a mafi yawan mutane ba cuta ba ne. Yana cikin sauye-sauyen da shekaru ke kawowa, tare da furfura da tamojin fata, domin saiwar farce takan rage daidaito a aikinta yayin da mutum ke manyanta, farcen kuma ya rage riƙe danshi. A wajenki akwai ƙarin dalili mai ƙarfi, wato sana'arki. Hannun da ke wuni cikin ruwa da omo da wanke-wanken tukwane, farcensa yakan kumbura idan ya jiƙa, ya kuma tsuke idan ya bushe, kuma wannan maimaici shi ke raunana shi har bakinsa ya riƙa rabewa. Idan hunturu ya shigo da bushewar iska, abin ya kan ƙaru.

Maganar kalsiyam ta yaɗu sosai, amma ba ta da tushe mai ƙarfi. Ƙashi ne ke ginuwa da kalsiyam, shi kuwa farce da sinadarin keratin aka gina shi, irin wanda ke cikin gashi, kuma kalsiyam ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Idan har akwai ƙarancin da ya kamata a yi zargi ga mace mai shekarunki, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, wanda ke haddasa ƙarancin jini, musamman idan jinin al'ada yana zuba da yawa ko an yi haihuwa kusa da kusa. Alamarsa a farce ita ce sirancewa da saurin karyewa, wani lokaci tsakiyar farcen ta lotsa gefensa ya ɗaga har ya iya riƙe ɗigon ruwa. Idan kina fama da kasala, jiri, haki bayan ɗan aiki, ko kwaɗayin cin ƙasa da ƙanƙara, ki je a auna jininki. Ban ba ki shawarar sayen maganin ƙarin jini a kemis kai tsaye ba, domin akwai waɗanda jininsu ya yi ƙasa ba don rashin ƙarfe ba, kamar masu sikila, kuma tara ƙarfe a jiki ba tare da buƙata ba yana da illa. Raunin aikin tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya, da cututtukan fata irin su egzima da soriyasis, da ciwon gaɓoɓi na rumatoyid, su ma suna iya ɓata farce, amma da wuya su tsaya a farce kaɗai ba tare da wata alama a jiki ba.

Batun yaron ya fi ban sha'awa. Kwarin da ya gitta farce a kwance likitoci na kiransa layin Beau, da sunan wani likitan Faransa, Joseph Honoré Simon Beau, wanda ya yi bayaninsa a shekarar 1846. Idan rashin lafiya mai tsanani ta kama mutum, jiki yakan dakatar da ayyukan da ba na gaggawa ba, ciki har da ƙera farce, sai saiwar ta tsaya ko ta rage aiki na 'yan kwanaki. Da sauƙi ya samu ta ci gaba, amma wurin da ta tsaya ya zama kwari, wanda ba ya bayyana sai bayan wata ɗaya zuwa biyu, lokacin da farcen ya fito daga ƙarƙashin fata. Wannan ya yi daidai da lissafin da kika bayar. Zazzaɓi mai zafi na taifot ko maleriya, ƙyanda, nimoniya, babbar tiyata, magungunan ciwon daji, da ƙarancin sinadarin zink duk suna haifar da shi. Kasancewar kwarin a kan dukkan faratan, kuma a waje guda, shi ke nuna cewa daga cikin jiki abin ya zo, don da bugewa ce ko matsewar ƙofa da yatsa ɗaya kawai zai shafa. Ba ya buƙatar magani. Zai riƙa matsawa baki har a yanke shi cikin watanni huɗu zuwa shida. Abin da zai sa ki mayar da shi asibiti shi ne ganin sabbin kwaruruwa suna biyo baya ɗaya bayan ɗaya, domin hakan na nuna akwai abin da ke ci gaba da damun jiki. A manya, ciwon suga da ba a kula da shi ba yana cikin abubuwan da ake bincikawa.

Game da naki faratan, gaskiya ita ce zanen da shekaru suka kawo ba ya gogewa ɗungurungum, amma tsagewar ana iya shawo kanta. Ki riƙa sa safar hannu ta roba lokacin wanke-wanke, ki tsane hannu sosai bayan kin gama, sannan ki murza man kaɗanya ko basilin a kan farcen da fatar gindinsa, musamman kafin kwanciya. Ki bar faratan a gajarce, ki yanke su bayan wanka lokacin da suke da laushi. Hanta, nama, kifi, wake da zogale suna taimakawa wajen samun ƙarfe, kuma ya fi kyau a raba shan shayi da lokacin cin abinci, don shayi yana rage tsotsar ƙarfe a hanji, lemon zaƙi ko na tsami kuwa yana ƙara ta. Ƙwayoyin biyotin, wani nau'in bitamin, da ake tallatawa don farce da gashi hujjar amfaninsu ba ta da ƙarfi ga wanda ba shi da ƙarancinsa, kuma suna iya karkatar da sakamakon gwajin tayirod da na zuciya, abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017.

Kankarar nan ce na fi so ki daina. Kowace kankara tana rage kaurin farcen da dama ya yi rauni, kuma yanke siririyar fatar da ta manne a gindinsa yana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa saiwa, wanda ga mai aikin ruwa kan jawo kumburin gefen farce da ke daɗewa, shi kansa kuma yana ƙara ɓata farcen. Idan za ki kira mai yankan farce, ki tanadi almakashinki na kanki, saboda ciwon hanta nau'in B yana iya bin ƙarfen da ya taɓa jinin wani. Ki ba wannan kulawa wata 6 kafin ki yanke hukunci, tunda sai sabon farce ya maye gurbin tsohon za a ga bambanci.

Akwai zanen da ba a jira da shi. Baƙin layi a tsaye abu ne da aka saba gani a faratan baƙar fata, kuma yawanci ba komai ba ne idan ya daɗe yadda yake ko yana kan yatsu da yawa. Amma idan sabo ne a kan yatsa ɗaya, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya malalo kan fatar da ke kewaye, ko kuma farce ɗaya ya tsage tun daga tushe ya ƙi haɗewa, to a nuna wa likitan fata ba tare da jinkiri ba, domin sankarar fata tana iya farawa a ƙarƙashin farce da irin wannan siffa.