Idan na sake zana GRE, jami'a za ta ga tsohon makina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a fannin injiniya, ina neman gurbin digiri na biyu a Amurka. Na zana GRE, jarrabawar da wasu jami'o'in can ke nema kafin su ba da gurbi, a Abuja, na ci 155 a ɓangaren Turanci, 149 a lissafi. Ina son in sake, amma ƙawata ta ce jami'o'in za su ga duk zaman da na yi. Haka ne? Kuma in lissafin ya hau, Turancin ya sauka, zan iya haɗa mafi kyawun kowanne? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki sake. Makin Turanci da na lissafi kowanne daga 130 yake farawa ya tsaya a 170, kuma ga mai neman injiniya, lissafin ake fara dubawa. 149 ba zai yi miki yaƙi ba.

Maganar ƙawarki kuwa, da gyara. Hukumar ETS mai shirya jarrabawar tana da tsarin da ta kira ScoreSelect. Da shi ke ce za ki zaɓi sakamakon zaman da za a aika, daga cikin duk waɗanda kika yi a shekara 5 da suka wuce, kuma takardar da jami'a za ta karɓa ba ta nuna cewa kin taɓa yin wani zaman.

Sai dai ga inda mutane ke faɗawa rami. Ranar jarrabawa, da an gama, kwamfuta kan ba mutum damar aika makinsa kyauta ga makarantu huɗu. Mutum ya gaji, ya ga kyauta, sai ya danna. To in kin riga kin aika 149 ɗin nan a zaman farko, yana hannunsu, ba a janyewa. Ba abin tashin hankali ba ne, domin wanda ya ga 149 sannan ya ga 160 ya san kin zauna kin yi aiki. A ranar kuma zaɓi biyu kawai gare ki: na yau, ko duka. Ɗauko wani zama guda daga baya sai bayan ranar, a shafinki na ETS, kuma kowace makaranta da kuɗinta.

Haɗa maki kam babu. Zama ɗaya ake aikawa ɗungurungum, Turancinsa da lissafinsa da ɓangarensa na rubuta maƙala. In kina son su ga 155 ɗinki tare da sabon lissafi, sai ki aika zaman biyu, su duba da kansu. Wasu sassan jami'a kan ɗauki mafi girma a kowane ɓangare, wasu na ƙarshe, wasu ma sukan ce a turo musu komai. In sun ce komai, ki tura komai, kada ki yi wayo da takardar neman gurbi.

Kada ki soke sakamako don kawai jikinki ya ba ki cewa ba ki yi abin kirki ba. Kwamfutar kan tambaya kafin ta nuna makin, don haka a makance za ki soke, kuma zaman da aka soke ma ana ƙirga shi cikin adadin zaman da aka yarda a yi.

Ƙa'idar sakewa ita ce a bar kwana 21 tsakanin zama da zama, kada a wuce sau 5 cikin wata 12. Sakamakon hukuma yakan fito cikin kwana 8 zuwa 10, yawancin jami'o'in Amurka kuma suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, sai ki ƙirga baya. Ni dai ba na son a koma da an cika kwana 21 cif ba tare da an sauya salon shiri ba. Kuɗin ya haura dala 200, kin kuwa san yadda canji yake.

Kafin ki biya, ki aika wa sakataren sashen da kike nema imel da tambaya biyu: har yanzu suna buƙatar GRE, tunda da yawa sun ajiye ta tun lokacin korona, kuma wane maki suke ɗauka in mutum ya zana sau biyu.